Yabo na yi niyya, saura ƙiris in kai ƙara

Wata ɗalibata ce ta zo in rubuta mata takardar shaida, za ta nemi tallafin karatu. Yarinyar nan sau uku tana zama jarrabawar WAEC saboda lissafi kaɗai, sai a na ukun ta haye. Nacinta nake so in yaba. Kalmar stubborn ce ta fara faɗo mini, amma na ga ita muke jifan yaro marar ji da ita. Na duba ƙamus a waya, na tarar da obstinate cikin danginta, ta yi mini kwarjini, na saka abata.

Allah ya taimake ni, kafin a buga hatimi na miƙa wa wani dattijo da ke koyar da Turanci a makarantarmu. Ya karanta, ya sauke tabarau ya dube ni.

"Malam, yabon yarinyar nan kake yi, ko ƙararta ka kawo?"

Ya ce obstinate kafiya ce, a nuna wa mutum gaskiya ƙiri-ƙiri ya ce shi atafau. Ba a yabo da ita. Stubborn ma taurin kai ne, sai dai da ɗan sauƙi, don har tabon manja da ya ƙi barin riga ana kiransa haka. Wadda nake nema persistent ce, ko tenacious, mai riƙo kamar kaska.

Da ya ga na gyara zama sai ya ƙaro mini recalcitrant, wato kangararren da ya ƙi bin na gaba da shi. Asalinta Latin ne, daga kalmar dunduniya, dabbar da ke harbi da ƙafar baya. Tun ranar in na gan ta a jarida jaki nake gani.

Resistant ce ta fi ɗaure mini kai, don da na ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ashe ita ba lallai hali take nufi ba, turjiya ce ga wani abu da ya taso daga waje, shi ya sa kullum sai an tambaya: ga me? Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ta daina jin kulorakwin resistant ce, alhali ba ta da kai balle ya yi tauri.

Na goge obstinate na sa persistent, na sake biyan kuɗin bugawa. Dattijon kuwa har yau, in gardama ta haɗa mu a ɗakin malamai, da waccan kalmar yake kirana.