Na tsara girkin sati, wuta ta watsa min shi

Duk wadda ta ce miki ki dafa miyar sati guda ki jera a firiza shikenan kin huta, to ki fara tambayarta wace irin wuta gare su a unguwarsu kafin ki ɗauki shawarar nan. Ni dai ban tambaya ba, kuma har yau in na tuna naman da na kwasa na zubar sai na ji wani abu ya tokare min maƙoshi wallahi.

Koyarwa nake a wata firamare nan cikin Kano, bakwai saura na bar gida, sai bayan azahar nake dawowa, yara kuma suna shigowa za su ci abinci su yi wanka su wuce islamiyya. Baban su kasuwa yake, sai magariba. Girkin shi kansa bai taɓa damuna ba, tambayar nan ta "yau me za a ɗora" ita ce ke cinye ni, kina cikin adaidaita sahu kina lissafin ko akwai albasa a gida, ki iso ki tarar babu, ki aiki yaro ya tafi ya zauna kallon ƙwallo, ƙarshe dai a kare a taliya da mai da yaji, yau ita gobe ita har yara suka sa mata suna.

Shi ne na zauna na rubuta taimtebur na manna a jikin ƙofar kicin. Ba wani abin a zo a gani ba ne, safe koko da ƙosai ko shayi da burodi ko ɗumame, rana shinkafa da miya, garau-garau, ɗanwake, dafa-duka, Juma'a kuma wani abu mai ɗan daɗi, dare tuwo kusan kullum saboda maigidan in bai ci tuwo ba a wajensa bai ci abinci ba. Wannan ɓangaren ya tafi lafiya lau, har yanzu ina amfani da shi. Inda abun ya kwaɓe shi ne yadda na ɗora komai da komai a kan firiza.

Asabar da sassafe nake zuwa 'Yankaba in sayo kayan miya da yawa, tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, in kai markaɗe bokiti guda, in tafasa har ruwan ya tsotse, in soya rabi in bar rabi. Nama kuma a kawo daga kwata in wanke in kasa shi leda-leda, kowace leda da ranarta, har rubutu nake da maka a jiki, Litinin, Talata, haka. In surfa wake in ɗaure na alale daban na ƙosai daban, in yi gasara in ƙulla, in dafa miyar taushe da ta agushi in zuba a robobi. Lahadi da yamma in kin buɗe firizar nan sai kin ji daɗi a ranki, ni kaina har hoto na ɗauka na tura wa ƙannena ina musu iyayi. Da abun ya zauna sai na ƙara zaƙewa, na ce ai in na sati ya yi, na wata ma zai yi, tunda sari ya fi sauƙi. Albashi na shigowa na haɗa da kuɗin cefanen da baban su ya bayar, muka yi watandar sa da malaman makarantarmu na ɗauki kaso mai tsoka, na ƙara da kaji da kifi, na cika ta dam har murfin da ƙyar yake rufuwa.

Kuma sai aka ɗauke wuta. Ƙarshen Oktoban 2024 nake nufi, wanda duk yake Arewa ya san wannan duhun, lokacin da aka lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro, ɗayan layin da ake lallaɓawa da shi shi ma ya samu matsala, jihohi da yawa aka shafe sama da sati ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Mu da muka saba a ɗauke a dawo da ita cikin dare, farko ko a jikina, na ce ai ƙanƙarar ciki za ta riƙe. Ta riƙe ɗin, amma firiza ko a cike take kuma ba a buɗe ta, wajen kwana biyu ne iyakacinta, in rabi ce ma kwana ɗaya, mu kuwa buɗewa muke safe da rana da dare tunda duk abincinmu yana ciki, ga yara masu leƙen ruwan sanyi. Janareto muna da ɗan ƙarami amma a lokacin litar fetur ta haura naira 1,000, kuma ba na jin ma zai iya jan ta yadda ya kamata. Ƙanƙara ta zama gwal, masu sayarwar su ma ba su da wuta, wadda ake samu sai an yi layi kuma kuɗinta ya ninka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da a ce tun ranar farko na fito da naman nan na soye shi tas, da ba abin da zai same shi. Amma kullum sai a ce gobe za a kawo, an kusa gyarawa, ni kuma ga aiki, na dawo a gajiye, in taɓa ledar sama in ji da sauran sanyi in mayar in rufe. Ashe na ƙasa ruwan jini ya taru ya jiƙe su. Ranar da na ce bari dai in kwashe, warin da ya bugo ni sai da na fita tsakar gida. Kifin ya tafi, kajin sun tafi, miyar agushi ta yi kumfa, gasara ta yi tsami fiye da kima, surfaffen waken nan ya yi yauƙi. Wata maƙociyata ta ce in wanke naman da lemon tsami da kanwa in tafasa sosai zai ciwu, na ce a'a Maman Abba, in kai yara asibiti a kan nama? Abin da ya narke ya kwana da ɗumi ya canza wari, tafasa ba ta gyara shi. Ɗan abin da na tsira da shi wanda ke tsakiya ne da sauran ƙanƙara a jiki, shi na soya a daren na raba wa maƙota rabi don ba mai iya cinyewa.

Cefanen wata guda fa. Baban su bai ce komai ba, kuma rashin cewar ya fi min ciwo.

Hajiya, mahaifiyarsa, ita ce ta zo ta kalli firizar a wanke a kife ta yi dariya ta ce, "Yo ke 'yar nan, mu da muka riƙe gida mai mutum ashirin da wace firizar muka yi?" A lokacin haushi na ji, amma washegari sai ga aike daga wajenta, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kaudar tumatir da busasshen tattasai, da garin ɗanwake haɗaɗɗe da kukarsa. Da su muka ƙarasa watan, kuma daga nan tsarina ya canza gaba ɗaya.

Yanzu taimtebur ɗin yana nan amma in zan rubuta shi, abin da ba ya buƙatar wuta nake fara sawa. Miyar dare kuka ce ko busasshiyar kuɓewa mafi yawan ranaku, dama minti kaɗan ne an kaɗa, ba ta da dalilin shiga firiza. Wake in na surfa shanya shi nake ya bushe ƙarau a kai niƙa, garin ya zauna a bokiti mai murfi, ranar alale ko ƙosai jiƙawa kawai zan yi in zuba jajjage. Gasara ma haka, a tace a matse a shanya, ta zama gari. Tumatir kuwa lokacin sanyi zuwa farkon zafi da na Kadawa da Kura yake shigowa ya yi araha, shi ne lokacin sayen kwando a yanka a shanya, don in damina ta kawo kai tsadarsa sai ki rantse zinare ne, wanda ya ga yadda ya yi a tsakiyar 2024 ya sani. Kaudar sai kin wanke ta da kyau saboda ƙasa, ki jiƙa da ruwan zafi kafin markaɗe, ki sa albasa da yawa, in ba haka ba miyar za ta yi duhu yara su ƙi ci. Nawa sun ƙi ci da farko, yanzu ba sa ma ganewa.

Nama ba na sake sayen na wata, ko an ce kyauta ake rabawa a watanda. Na sati nake saya, kuma ranar da ya shigo gidan ranar nake tafasa shi in soya ya soyu sosai, ko da zai shiga firizar a soye zai shiga, in an ɗauke wuta in fito da shi in baza a kwando mai iska, in riƙa ɗumama shi a mai. Busasshen kifi kuma ba ya yankewa a gidan. Soyayyen kayan miya na kwana uku kawai nake yi, mai ya taso samansa, shi ya sa Laraba da daddare nake sake wani ƙaramin markaɗe, ba na so amma ya fi min asara.

Wani abu kuma da takarda ba ta sani ba, baƙi. Gidan Bahaushe ba a ƙirga faranti, kin auna shinkafa daidai bakinku sai ga sallama, 'yan uwan maigida sun zo daga ƙauye ganin likita, ga almajirin gida da kwanonsa. Da can in haka ta faru sai in ciro ledar Alhamis in haɗa da ta Talata, sati ya rikice. Yanzu rana ɗaya a sati ba na rubuta komai a gurbinta, ta ragowa ce da duk abin da ya taso, kuma garin ɗanwake da taliya suna gefe don irin wannan.

Firizar tana nan tana aiki, ruwan sanyi da zoɓon yara ne suka fi yawa a ciki, sai 'yan ƙullin nama da ba su wuce in soye su a tukunya ɗaya ba. Baban su yana ta maganar a haɗa sola, na ce Allah ya hore, amma ko an haɗa ni dai in aka wuni aka kwana ba wuta, kasko nake ɗorawa, ba na jiran goben kowa.