Abin da hunturun bara ya koya mini game da rigakafin kaji

Kaji sittin da biyu nake da su kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa. Cikin kwana tara suka koma goma sha ɗaya. Kaza ta wayi gari ta takure, tana zawo kore, tana numfashi da baki buɗe. Wadda ta jure kwana biyu sai wuyanta ya murɗe ta riƙa juyi a wuri ɗaya. Annobar Nukasil ce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na yi musu rigakafi wata guda kafin nan.

Da zafina na je wurin likitan dabbobi na ce, "Ranka ya daɗe, maganin nan ya daina aiki. An ce ƙwayar cutar ta sauya." Ya ce da gaskiya a maganar, amma rabinta. Ƙwayoyin da ke yawo a Afirka ta Yamma, waɗanda masana suka yi wa lamba 14 da 17 da 18, danginsu daban da na LaSota, wato ƙwayar da ke cikin rigakafin da na yi wa kajina, wadda ke dangi na 2. Sai dai garkuwar jikin kaza kallon abu ɗaya take musu, shi ya sa LaSota mai rai, in an ba da ita daidai, har yau tana hana mutuwa. Sannan ya tambaye ni yadda na ba su.

A nan asiri ya tonu. Na sayo kwalbar a wani shago da ba wuta, na jefa ta aljihu, na hau babur cikin rana. A gida na dama da ruwan famfo, alhali sinadarin kulorin da ke cikinsa yana kashe ƙwayar rigakafin. Ruwan ya yini a kasko. Ashe ruwa kawai kajina suka sha.

Yanzu wata rigakafin da ake kira I-2 nake amfani da ita, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa. Ta fi jure zafi, ko da yake ina ɗauko ta a cikin kula mai ƙanƙara. Ɗigo ɗaya a ido, kaza bayan kaza, da sassafe kafin a buɗe akurki, har 'yan tsaki. Duk wata uku zuwa huɗu nake maimaitawa, kuma ina tabbatar da zagaye ɗaya ya faɗo kafin hunturu, don garkuwar na ɗaukar kusan mako biyu kafin ta kama.

Akwai abin da likitan ya faɗa da har yanzu yake damuna: kazar da aka yi wa rigakafi tana iya kamuwa, ba ta mutu ba, amma tana zubar da ƙwayar a kashinta ta harbi na maƙwabta. Saboda haka na bi gidajen layinmu muka haɗa kuɗin kwalba, muke yi rana ɗaya. Zakaran da aka sayo daga kasuwa kuwa, mako biyu yake yi a keɓe a bayan rumbu kafin ya ga sauran.