Ya aikata, eh, amma da gangan ne?

Jama'a akwai abin da ke ɗaure min kai, da zarar an ce wane ya kashe mutum ko ya buge yaro da mota sai ka ji an gama yanke hukunci tun kafin a ɗauke gawar, a rataye shi kawai, me za a tsaya jira. Ba mai tambayar da gangan ne ko tsautsayi. Alhali wannan tambayar ita ce rabin shari'ar.

A dokar manyan laifuka aikin kaɗai bai isa ba, sai an duba abin da ke ran mai aikin. Direban da ya hango abokin gabarsa ya ƙara wuta ya bi ta kansa, da wanda yake danne-dannen waya yana tuƙi, da wanda birki ya ƙwace masa bayan jiya-jiya ya kai motar gareji, kowannensu gawa ya bari a titi amma wa zai ce hukuncinsu ɗaya? Shari'ar Musulunci ma ta raba, a Suratun Nisa'i aya ta 92 kisan kuskure ne, diyya da kaffara, ta 93 kuma kisan ganganci da azabarsa.

Toh matsalar ita ce niyya ba a ganinta, a zuci take. Wa zai tabbatar da ita kenan?

A Ingila an yi wani matashi Reginald Woolmington, matarsa Violet ta yi yaji ta koma gidan uwarta, a ƙarshen 1934 ya yanke bakin bindiga ya ɓoye ta cikin kwat ya bi ta can, bindiga ta tashi, Violet ta mutu. Shi cewa ya yi so yake ya tsorata ta cewa zai kashe kansa in ba ta dawo ba, garin fito da bindigar ne ta tashi. Ni dai labarin bai kwanta min ba, mutum ya zauna ya yanke bakin bindiga fa. Alƙali ya ce tunda an tabbatar shi ya harbe ta, shi ne zai kawo hujjar cewa kuskure ne, aka yanke masa hukuncin kisa. A 1935 kotun ƙolin ƙasar ta soke hukuncin, ba wai ta ce gaskiya ya faɗa ba, a'a, cewa ta yi nauyin tabbatar da laifi har da niyyar yana wuyan masu gabatar da ƙara, kuma in shakka mai ƙarfi ta rage dole a sallami wanda ake tuhuma.

Nan ne maganar haƙƙin ɗan Adam ta shigo. Sashe na 11 na kundin haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 1948 cewa ya yi duk wanda ake zargi marar laifi ne har sai an tabbatar a kotu, an kuma ba shi damar kare kansa. Ba don a tausaya wa masu kisa aka rubuta shi ba, gwamnati ce ke da 'yan sanda da lauyoyi da kurkuku, wanda ake zargi kuwa wani lokacin ko kuɗin lauya ba shi da shi.

Wasu za su ce ai sai kowa ya fake da ba da gangan ba ne, ko ya ce aljanu ne, ko taɓin hankali. Ana gwadawa kam, amma kotu ba da baki take aiki ba, tana duba makamin da aka ɗauka, inda aka sara, sau nawa, me mutum ya faɗa kafin nan, ya gudu ko ya tsaya ya kai asibiti. Kuma wanda aka wanke saboda taɓin hankali ba gida yake tafiya ba. Daniel M'Naghten da ya harbe sakataren firaministan Birtaniya a 1843 kotu ta ce ba ya cikin hayyacinsa, amma a tsare a asibitin masu taɓin hankali ya ƙare rayuwarsa, sama da shekara ashirin.