Darussan da na koya daga adana dabbobi masu ƙashin baya

Aikina a nan Kaduna shi ne kula da ɗakin da ake adana dabbobi masu ƙashin baya domin bincike da koyarwa, wato kifaye da kwaɗi da macizai da tsuntsaye da ɓeraye da jemagu, waɗanda aka sarrafa gawarwakinsu yadda ba za su ruɓe ba. Idan baƙo ya shigo, idonsa yakan tsaya a kan kasa ko gamsheƙar da ke naɗe cikin kwalba, amma abin da ya fi komai daraja a ɗakin shi ne 'yar takardar da ke ɗaure a ƙafar tsuntsu, ko wadda ke nutse tare da macijin, mai ɗauke da sunan wurin da aka samo shi da ranar da aka samo shi da sunan wanda ya kawo shi. Dabbar da ta rabu da takardarta ta koma abin kallo kawai, domin babu mai iya kafa hujja da ita. Saboda haka ake yin rubutun da fensir ko da tawadar da ba ta narkewa, tun da biro yana wankewa a cikin ruwan adani.

Na daɗe kafin in gane cewa yawancin tambayoyin da waɗannan dabbobi za su amsa, ba a ma yi su ba tukuna. A shekarar 1967 wani masani a Birtaniya, Derek Ratcliffe, ya auna ɓawon ƙwan shaho da aka tara shekaru da dama, ya gano cewa ɓawon ya fara rage kauri tun wajen 1947, daidai lokacin da maganin ƙwari na DDT ya bazu. Waɗanda suka tara tsofaffin ƙwayayen ba su san wannan magani ba, sun dai rubuta shekara da wuri, kuma wannan rubutun ne ya ba da damar kwatanci. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na kada. An daɗe ana ɗaukar kadan Afirka ta Yamma a matsayin kadan Kogin Nilu, sai a 2011 binciken ƙwayoyin gado, wanda ya haɗa da gawarwakin kadojin da Misirawan dā suka busar kuma ake ajiye da su a gidajen tarihi, ya tabbatar da cewa jinsi ne dabam, kamar yadda wani masanin dabbobi Bafaranshe, Geoffroy Saint-Hilaire, ya faɗa tun 1807.

Sauran aikin kuwa kokawa ce da yanayin garinmu. Kifi da kwaɗo da maciji ana fara tsoma su cikin fomalin, wani ruwan sinadari mai hana ruɓewa, domin naman ya ƙanƙame, sannan a mayar da su cikin ruwan adani, wato itanol (sinadarin barasa) mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Da hunturu ya kama, duk kwalbar da murfinta bai zauna daram ba sai ruwanta ya yi ƙasa, kuma dabbar da ta bushe sau ɗaya ba ta komawa yadda take. Da damina kuma fumfuna ce ke bin fatun tsuntsaye. Akwai wani ɗan ƙwaro mai cin busasshen nama da muke kiwo da gangan domin ya tsabtace mana ƙasusuwa, amma idan ya kuɓuce ya shiga akwatin fatu, ɓarnarsa ta fi ta gara a rumbu. Maganinsa shi ne a sa fatun cikin firiza a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har mako guda ko biyu, abin da ke da wuya a inda wutar lantarki ba ta zama.

Shi kansa fomalin yana lalata ƙwayoyin gado, don haka yanzu mukan fara yanke ɗan tsoka ko hanta mu ajiye dabam cikin itanol mai ƙarfi kafin a tsoma sauran jikin. Tsofaffin fatu kuma ba na barin ɗalibi ya taɓa su ba tare da safar hannu ba, domin magabata sun riƙa shafa musu gubar arsenik.

A ganina masu ware kuɗi sun fi son abin da za a nuna wa baƙi, alhali kuwa buƙatar ɗaki irin namu ba ta wuce murafe masu kyau da itanol da firizar da ba ta mutuwa ba, sai kuma ma'aikacin da zai riƙa bin kwalabe ɗaya bayan ɗaya yana duba inda ruwan kowace ya tsaya.