Daga Kwarin Toka Zuwa Gaɓar Masu Gado: Tafiyar Yini Ɗaya a Sawun Gatsby

Wanda ya karanta The Great Gatsby yakan ɗauka cewa tsakanin gidan Jay Gatsby da na Daisy Buchanan akwai teku guda. Da na je Long Island, tsibirin da ke gabas da tsakiyar birnin New York, na tarar ɗan mashigin ruwa ne, wanda in ka tsaya a gaɓa ɗaya kana ƙirga tagogin gidajen ɗaya gaɓar. Littafin F. Scott Fitzgerald ne, ya fito ranar 10 ga Afrilu 1925, labarinsa kuma ya faru ne a lokacin zafi na 1922. Manyan wuraren da ke cikinsa ana iya zagaye su a yini ɗaya daga birnin New York, in dai an bi su a jere kuma ba a hau jirgin da ba shi ba.

Na fara da jirgin cikin gari mai lamba 7 daga Times Square. Yana tsallakawa Queens yake fitowa daga rami ya hau kan gadoji, saboda haka kujerar taga ta fi. A tashar Mets–Willets Point na sauka, domin nan ne wurin da littafin ya kira kwarin toka. A wancan zamani da kwal ake ɗumama gidaje, tokar da ke fitowa daga murahun Brooklyn kuwa wani kamfani, Brooklyn Ash Removal Company, shi ke kwaso ta a tarago yana jibgewa a fadamar Corona, har ta yi tsaunin da mutanen unguwa suka raɗa wa suna Mount Corona. Fitzgerald bai ƙirƙiri wurin ba, hanyarsa ce ta shiga birni. A babi na biyu ya ce jirgi yakan tsaya a nan, wani lokaci har rabin awa, idan an ɗaga gadar wani ƙazamin rafi domin jiragen dako su wuce. Wannan tsayuwar dole ita ta sa mai ba da labari, Nick Carraway, ya haɗu da Myrtle Wilson, matar wani makanike wadda Tom Buchanan, mijin Daisy, ke nema a ɓoye.

Yau babu toka ko cokali ɗaya. Robert Moses, shugaban kula da lambunan birnin a lokacin, ya sa aka baje tsaunin domin baje kolin duniya na 1939, aka sake wani a 1964, wanda ya bar katafaren ƙwallon duniya na ƙarfe da ake kira Unisphere. Ciyawa ce ko'ina, da filayen wasan tanis, da iyalai masu gasa nama a ƙarƙashin bishiyoyi. Sai ka tsallaka arewacin layin dogo, ta gefen filin wasa na Citi Field, kafin ka shaƙi wani abu na littafin: ragowar garejin Willets Point, ƙofofin mota a jingine da bango, baƙin mai a ƙasa, ana ta rushe su ana gine-gine. George Wilson, mijin Myrtle, irin waɗannan makanikai ne. Kullum yana roƙon Tom ya sayar masa da wata mota ya ɗan samu riba, bai san mai motar ne ke cin amanarsa ba.

Kada a ɓata lokaci ana neman allon Dakta T. J. Eckleburg, babu shi. A littafin tsohon allon talla ne na wani likitan ido: manyan shuɗɗan idanu cikin tabarau rawaya, babu fuska, fenti ya koɗe. Malamai da yawa suna koyar da cewa idanun suna nufin Ubangiji yana kallo. A nawa karatun maganar ta fi haka ɗaci. Mutum ɗaya ne a duk littafin ya ɗauke su haka, wato Wilson, a daren da aka kashe matarsa, hankalinsa a gushe, kuma nan take maƙwabcinsa Michaelis ya ce masa ai talla ce. Unguwar da ba wanda ya damu da ita, abin da ya rage yana kallonta shi ne tallan ɗan kasuwar da ya tashi tun tuni.

Daga nan tasha ɗaya ce zuwa Flushing Main Street, inda ake barin jirgin cikin gari a taka 'yan mintoci zuwa tashar Long Island Rail Road. Layin da ake so shi ne na Port Washington. Akwai wani mai suna Port Jefferson, baƙi na yawan rikita su, shi kuwa can gabas mai nisa zai kai ka. Wanda ya taso kai tsaye daga Penn Station, babbar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar birni, ya tuna cewa layin Port Washington ne kaɗai ba ya bi ta tashar Jamaica, in ka ga Jamaica to ka yi kuskure. A sayi tikiti a na'ura ko ta manhajar TrainTime kafin a hau, don na cikin jirgi ya fi tsada. Tikitin rangwame na CityTicket kuma iyakarsa Little Neck, Great Neck tana gundumar Nassau, wajen birni.

Great Neck ita ce West Egg ta littafin, gaɓar sabon arziki inda Gatsby ke zaune. Fitzgerald da matarsa Zelda sun kama haya a nan daga Oktoban 1922 zuwa bazarar 1924, a titin Gateway Drive, tafiyar ƙafa daga tasha. Gidan yana nan amma na mutane ne, sai dai a kalla daga titi a wuce. Maƙwabtansu a lokacin 'yan wasan kwaikwayo ne da marubuta da masu shirya fim, mutanen da kuɗi ya zo wa jiya. Shi kansa marubucin ya rubuta wata maƙala a 1924 yana yi wa kansa dariya kan yadda suka cinye dala 36,000 a shekara ɗaya ba su san inda ta shiga ba. Tsadar ce ta kore su zuwa Faransa, a can ya ƙarasa littafin.

Abin da ya fi ba ni haushi a Great Neck shi ne kuma abin da ya fi koya mini littafin: ba ka iya kaiwa bakin ruwa. Na ɗauki tasi zuwa Kings Point, ƙarshen yankin Great Neck da ya kutsa cikin ruwa, inda ake kyautata zaton nan gidan Gatsby zai kasance. Shinge ne bayan shinge, da alluna masu cewa hanyar ta masu gida ce. Lambun Steppingstone da ke bakin ruwa na mazauna yankin ne masu kati. Tsohon gidan Walter Chrysler, mai kamfanin motoci, ya zama makarantar horar da jami'an jiragen ruwa ta gwamnatin tarayya, akwai masu gadi a ƙofa, sai an bincika ranar da suke barin baƙi. Ruwan kana hango shi ta tsakanin bishiyoyi, shi ke nan.

Gatsby ya sayi gida a nan ne don abu ɗaya, ya riƙa hangen gidan Daisy. Sunansa na yanka James Gatz, ɗan talakawan manoma daga North Dakota, ya canza suna yana ɗan shekara 17. Ya haɗu da Daisy a Louisville a 1917 yana ƙaramin hafsan soja, kakin ya rufe masa asiri. Kafin ya dawo daga yaƙi ta auri Tom, wanda ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Shekara uku Gatsby ya yi yana tara dukiya ta hanyar sayar da giya a ɓoye, lokacin da dokar Amurka ta haramta ta daga 1920 zuwa 1933, tare da Meyer Wolfsheim, wanda aka zana daga ɗan caca Arnold Rothstein. Duk Juma'a akwati biyar na lemo ke shigowa gidansa, ran Litinin ɓawo ya fita ta ƙofar baya. Wani baƙo mai tabarau ya shiga ɗakin karatunsa yana mamakin cewa littattafan na gaske ne, sai dai ba a yanke shafukansu ba, ma'ana ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba. A ganina babu alamar da ta kai wannan bayyana Gatsby: ya sayi komai na gaske, amma duk don a gani ne.

Na koma tasha na hau jirgi zuwa ƙarshen layi. Bayan Great Neck dogon ya zama guda ɗaya, ya hau wata doguwar gadar ƙarfe ta 1898 a Manhasset, daga nan ake fara ganin bakin mashigin ta tagar hagu. Ba duk jirage ke wuce Great Neck ba, wasu nan suke juyawa, a duba allo.

Daga tashar Port Washington zuwa Sands Point, wato East Egg ta littafin, gaɓar masu gado inda Daisy ke zaune, sai da mota. Wurin da kowa ke iya shiga shi ne Sands Point Preserve, eka 216, ana biyan kuɗin ƙofa. Howard Gould, ɗan attajirin jiragen ƙasa Jay Gould, ya gina wani gida da ya kwaikwayi fadar Kilkenny ta ƙasar Ayalan, sannan ya gina na biyu, wanda aka gama a 1912. Daniel Guggenheim ya saye duka a 1917, ɗansa Harry ya gina nasa mai suna Falaise a 1923 a kan gangaren teku. Shi Falaise da ɗan rakiya ake shiga kuma ba duk shekara ba, a lokacin sanyi rufe yake. Gidajen da aka fi dangantawa da littafin kuwa sun tafi: Beacon Towers an rushe shi a 1945, Lands End a 2011.

Akwai abin dariya a nan. Waɗannan da littafin ya mai da masu asali, kakanninsu ma 'yan fafutuka ne, Meyer Guggenheim, mahaifin Daniel, da talla ya fara a titunan Pennsylvania. Tsararraki biyu ko uku ne kawai tsakanin ɗan gado da ɗan sabon arziki. Amma wannan 'yar tazarar ce ta kashe Gatsby. A otal ɗin Plaza da ke birnin New York, a ranar da ta fi kowace zafi, Tom bai yi faɗa da hannu ba, asalin kuɗin Gatsby kawai ya tona a gaban Daisy, ta ja da baya. A hanyar komawa ita ce ke tuƙa motar Gatsby rawaya lokacin da ta buge Myrtle a kwarin toka, ba ta tsaya ba. Gatsby ya ɗauki laifin, Tom ya nuna wa Wilson hanya, Wilson ya harbe Gatsby a wurin ninkayarsa ya kashe kansa. Mutum uku suka mutu, dukansu 'ya'yan talakawa. Tom da Daisy suka haɗa kaya suka bar gari ba su bar adireshi ba. A jana'izar mutumin da ɗaruruwa ke cin abincinsa kowane mako, daga Nick sai mahaifin Gatsby, limamin coci, 'yan aiki huɗu ko biyar, mai kai wasiƙu, sai wancan baƙon mai tabarau.

Da la'asar sakaliya na gangara ta Main Street zuwa matsayar jiragen ruwa ta garin, kimanin minti ashirin a ƙafa daga tasha. Nan ne kaɗai na samu bakin ruwa babu shinge. Kana gaɓar Daisy kana fuskantar yamma, gaɓar Gatsby a gabanka, rana na faɗuwa a bayanta. A lokacin zafi akwai ƙananan jiragen haya da ke zagayawa da mutane cikin mashigin, ta ruwa ne kawai ake ganin fuskar gidajen.

Da duhu ya fara, fitilun ruwa suka kunnu, ja da kore. A dokar ruwan Amurka, mai shigowa daga teku yana barin ja a damansa, kore a hagunsa. Koriyar fitilar da Gatsby ke miƙa wa hannu cikin dare, wadda aka cika littattafan sharhi da ita, irin wannan ce, fitilar da ke ƙarshen matsayar kwale-kwalen gidan Daisy. Marubucin ya san haka sarai. A babi na biyar, ranar da Daisy ta shigo gidan Gatsby tana tsaye kusa da shi, hazo ya rufe mashigin, Nick ya lura cewa daga ranar fitilar ta koma fitila kawai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, amma shi Gatsby shigar ce ta rage masa abin da hangen ke ba shi.

Fitzgerald ya rasu a Disambar 1940 yana da shekara 44, kwafin bugu na biyu na jibge a rumbun kamfanin Scribner ba a saye ba. Sai da aka raba wa sojojin Amurka kwafi kusan 155,000 a 1945 sannan littafin ya farfaɗo. Kabarinsa yana cocin St. Mary's a Rockville ta jihar Maryland, kusa da Washington, wannan tafiyar wata rana ce daban.

Jirgin komawa Penn Station yana ɗaukar kimanin minti 45. Bayan Flushing ya tsallaka rafin nan, babu gadar ɗagawa da za ta tsayar da shi yanzu. Na leƙa ta tagar dama, fitilun Citi Field sun haske sama, a ƙarƙashinsu wani gareji ɗaya bai rufe ba, wani mutum na durƙushe yana kwance taya.