Daga Bletchley Park zuwa gidajen tarihin Landan

Jirgin ƙasan da muka hau a tashar Euston ta Landan bai kai awa guda ba ya sauke mu a Bletchley, wani yanki na garin Milton Keynes, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da Landan. Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Ingila shi ne ɗan jagorana. Daga tasha zuwa ƙofar Bletchley Park tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa, muka yi ta cikin yayyafi da sanyi. Na daɗe ina karanta labarin wurin nan da Turawan Ingila suka riƙa kwance saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, kuma na ƙudura a raina sai na gan shi da idona.

Wurin ba shi da kwarjinin da sunansa yake da shi. Akwai tsohon gidan wani attajiri, Herbert Leon, wanda ya mallaki filin a 1883, da ɗan tafki a gabansa, sai dogayen ɗakunan katako da gine-ginen bulo marasa ado. A 1938 wurin ya koma hannun masu leƙen asirin Birtaniya, a watan Agusta na 1939 kuma ma'aikatan farko suka tare. An zaɓe shi ne saboda yana bakin layin dogo, a tsakanin Oxford da Cambridge inda ake ɗebo masana, ga shi nesa da bama-baman da ake tsoron za su sauka a Landan. Kafin farkon 1945 ma'aikata sun kusa 9,000, kuma kashi uku cikin huɗu mata ne.

A ginin da suke kira Block B na fara yin ido huɗu da Enigma, na'urar da sojojin Jamus ke ɓoye saƙonninsu da ita. Akwatin katako ne wanda mutum ɗaya zai ɗauka, da maɓallan haruffa 26 irin na tafireta, a samansu kuma ƙananan fitilu 26, kowace da harafinta. In ka danna harafi, wuta za ta bi ta cikin wasu faifai uku masu juyawa da wani allon wayoyi da ke gaba, sai wani harafi dabam ya haska. Da ka sake dannawa faifan ya riga ya gusa, don haka abin da zai haska ya canja. Yaron ya ja ni gaban wani allon taɓawa da aka kwaikwayi na'urar a kai, ya ce, “Kawu, danna harafi ɗaya sau da yawa ka gani.” Na yi ta danna A, kowane karo wani abu ke fitowa. Zaurancen da muka yi muna yara, da zarar babba ya gano gaɓar da ake cusawa shi ke nan asiri ya tonu. Wannan zaurance ne da ke sauya ƙa'idarsa a kan kowane harafi, sannan kullum da tsakar dare a sake saiti gaba ɗaya. Hanyoyin saita irin wadda sojojin ƙasa suka yi amfani da ita sun kai kusan 159 da sifiri 18 a bayansa.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne ta inda aka shigar mata. Na'urar tana da aibi guda: harafi ba ya taɓa fitowa a matsayin kansa. In ka danna A, komai zai iya haskawa ban da A. Ga kuma halin ɗan Adam. Masu aika rahoton yanayi suna fara saƙo da kalmomi iri ɗaya kowace safiya. Wani jami'i a hamadar Afirka ta Arewa ya riƙa aika cewa babu wani sabon labari, kullum da lafazi ɗaya. Sai masu aikin su yi hasashen jimlar da ke cikin saƙo, su riƙa gusa ta a ƙarƙashin ɓoyayyun haruffan har su sami wurin da babu harafin da ya ci karo da kansa. Daga nan aiki ya samu kama. Ina tsaye a wurin na tuna da Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, wanda ya rubuta risala kan fitar da ɓoyayyen rubutu ta hanyar ƙirga yawan maimaituwar haruffa. An ƙera Enigma ne don ta toshe wannan ƙofa da ya buɗe, ta kuwa toshe ta, amma ba ta iya hana mai aiki da ita kasala ba.

A wani lungu kusa da tsoffin ɗakunan dawaki akwai ɗan dutsen tunawa da mutum uku 'yan Poland: Marian Rejewski da Jerzy Różycki da Henryk Zygalski. Na ji daɗin ganin sa ƙwarai, domin sau da yawa ana ba da labarin nan kamar da Turawan Ingila ya fara. Rejewski ne ya gano yadda wayoyin cikin Enigma suke tun a watan Disamba na 1932, da lissafi da taimakon wasu takardu da Faransa ta samo. A watan Yuli na 1939, saura makonni a mamaye ƙasarsu, suka kira 'yan Birtaniya da Faransa wani daji kusa da Warsaw suka miƙa musu duk abin da suka sani.

Bukka ta 8 ita ce ta saƙonnin sojojin ruwa, nan ofishin masanin lissafi Alan Turing yake. Ɗaki ne ƙarami mai duhu-duhu, tebur da tafireta da takardu, an rufe tagogi da baƙin labule kamar yadda ake yi lokacin yaƙi. A jikin bututun ɗumama ɗaki an ɗaure kofin shayi da sarƙa, kamar yadda Turing ya riƙa yi wa nasa gudun kada a ɗauke. Katakon ƙasa yana ƙara in ka taka, kuma sanyin da ke ratsa bangon ya sa na fahimci dalilin da ya sa ma'aikatan suka riƙa aiki da kwat da safar hannu. Turing da Gordon Welchman suka tsara na'urar da ake kira Bombe, wadda ke gwada saiti dubbai cikin sauri tana zubar da waɗanda ba za su yiwu ba. Ta farko ta fara aiki a watan Maris na 1940, kafin ƙarshen yaƙi an ƙera fiye da 200, kuma 'yan mata sojojin ruwa ne ke tsaye a kansu dare da rana. Turing bai yi tsawon rai ba. A 1952 kotu ta same shi da laifin luwaɗi a dokar wancan lokaci, ya mutu a 1954 yana da shekara 41, aka yi masa afuwar sarauta a 2013. Hotonsa ne yanzu a takardar fam 50.

Akwai labarin da ya tsaya mini a zuciya. A watan Fabrairu na 1942 jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku suka koma Enigma mai faifai huɗu, Bletchley ta makance wata da watanni, jiragen dakon abinci da mai suna ta nutsewa a Tekun Atlantika. Ranar 30 ga Oktoba na wannan shekara, a Bahar Rum, wasu ma'aikatan jirgin HMS Petard suka shiga wani jirgin Jamus mai lamba U-559 yana cikin nutsewa, suka fito da littattafan sirri. Tony Fasson da Colin Grazier suka tafi ƙasa da jirgin. Tommy Brown, yaro ɗan shekara 16 mai aiki a kantin jirgi, shi ya tsira. Da waɗannan takardu aka sake buɗe saƙonnin a watan Disamba. Masana lissafi suna da nasu rabon yabo, amma ran mutum biyu ne kuɗin waɗannan 'yan shafuka.

Muka yi sallar Azahar a gefen tafki da yayyafi ya tsagaita, muka ci guzurinmu, sannan muka zagaya zuwa Block H. Nan wani gidan tarihi ne mai zaman kansa, na tarihin kwamfuta, da tikitinsa dabam. Duk wanda ya zo Bletchley ya tsallake shi ya yi asara, domin a nan na'urorin suke motsi. Hitila da manyan kwamandojinsa ba da Enigma suke magana ba, da wata ce mai faifai 12 da ake kira Lorenz. Ranar 30 ga Agusta 1941 wani ma'aikacin Jamus ya aika dogon saƙo sau biyu da saiti ɗaya, yana taƙaita wasu kalmomi a karo na biyu. John Tiltman ya kwance saƙon, daga nan wani matashi, Bill Tutte, ya zauna da fensir da takarda ya zana yadda cikin na'urar yake alhali bai taɓa ganin ta ba. Sai Tommy Flowers, injiniyan gidan waya, ɗan magini daga gabashin Landan wanda ya yi karatunsa a ajin dare, ya gina Colossus, na'urar lantarki mai taimakawa wajen kwance saƙonnin Lorenz. Ta fara aiki a farkon 1944 da ƙwayayen lantarki irin na tsohuwar rediyo kimanin 1,600, ta biyu kuma mai 2,400 ta kama aiki ranar 1 ga Yuni, kwanaki kaɗan kafin sojojin ƙawance su sauka a Normandy.

Wadda ke ɗakin yanzu sake ginawa aka yi, ƙarƙashin jagorancin Tony Sale, aka kammala a 2007. Na tsaya dab da ita. Ɗumi yana fitowa daga jikinta, ƙwayayen suna ja kaɗan-kaɗan, wani siririn tef na takarda mai huji-huji yana gudu a kan ƙafafun ƙarfe har ido ba ya iya bin sa, tana karanta haruffa 5,000 a daƙiƙa. Wani dattijo ɗan sa-kai mai furfura yana bayani, hannunsa a kan makunnai, da ka gan shi ka ga wanda ya san kowace waya a jikinta. Yaron ya tambaye shi me ya sa sai da aka sake ginawa. Ya ce bayan yaƙi an wargaza mafi yawansu, an umarci Flowers ya ƙone zanensa, ya kuwa ƙone.

Kowa a wurin ya sa hannu a dokar riƙe sirrin gwamnati, kuma sun riƙe. Sai a 1974 labarin ya fara fitowa fili. Shekara kusan 30 mata suna zaune da mazajensu ba su faɗa musu abin da suka yi a yaƙi ba, wasu iyayen sun mutu suna zaton 'ya'yansu aikin akawu kawai suka yi. Wannan riƙon amana ya girgiza ni fiye da na'urorin. Da na ga bayanin sashen da ya yi aiki kan saƙonnin Japan, na tuna da namu mutanen, sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a dazukan Burma, da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Su ba dokar sirri ce ta rufe bakinsu ba, masu tambayarsu ne suka yi ƙaranci.

Da muka koma Landan, gidan tarihin kimiyya da ke South Kensington muka fara shiga, kuma kyauta ake shiga. Na je ne musamman don injin lissafin Charles Babbage, wanda ya zana tsakanin 1847 da 1849 bai samu ginawa ba, sai ma'aikatan gidan suka bi zanensa suka ƙera shi a 1991, ya kuma yi lissafi daidai. Akwai kwamfutar Pilot ACE ta 1950, wadda aka gina bisa tsarin Turing. Dukansu a tsaye suke shiru, yara 'yan makaranta suna wucewa da gudu. Ɗakunan yaƙin Churchill da ke ƙarƙashin ƙasa a Westminster ma mun leƙa, inda taswirar teku ta cika da hujin allurai na bin sawun ayarin jiragen ruwa.

Gidan tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, shi ne na ƙarshe. Cincirindon mutane ya fi yawa a gaban Dutsen Rosetta, sai da muka yi haƙuri kafin mu matsa kusa. Sojojin Faransa suka tsince shi a Masar a 1799, ya zo Landan a 1802. Umarnin sarauta ɗaya ne aka sassaƙa da rubutu iri uku, kuma da taimakon na Girkanci masanin Faransa Champollion ya kwance rubutun Fir'aunoni a 1822. Dabarar da na gani a Bletchley ce: ka kama abin da ka sani, ka buɗe wanda ba ka sani ba da shi.

Daga nan muka gangara ɗaki na 25, sashen Afirka, wanda ke ƙasan bene. Ga kan tagulla na Ife da aka tono a 1938, fuskarsa da siraran zane tun daga goshi har haɓa. Ga lifidin doki daga Sudan, ɗinkin auduga mai launi-launi, wanda duk wanda ya taɓa kallon hawan salla zai gane shi tun daga nesa. Ga kuma allunan tagulla na Benin jere a jikin sanduna, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe daga fadar Oba a 1897. An kula da su, an haska su da kyau, ba kuma a karɓi ko kwabo a hannunmu ba. Duk da haka raina bai kwanta ba. A Bletchley komai yana inda abin ya faru, ɗakin da tebur da sanyin, shi ya sa labarin ke shiga jiki. Waɗannan kuwa an raba su da bangon da aka ƙera su dominsa, da mutanen da suka san sunan kowane sarki da ke jikinsu, kuma ɗan Benin sai ya nemi biza kafin ya gan su.

Yaron ya ce, “Kawu, ai an fara mayarwa.” Gaskiyarsa. A 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar waɗanda ke hannunta, gidan tarihin Horniman da ke kudancin Landan ma ya miƙa mallakar guda 72 a wannan shekara. Shi wannan babban gida yana kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana shi fitar da kayan da ke ajiyarsa, kuma kayan Benin da ke hannunsa sun kai kimanin 900. Majalisar da ta yi dokar tana Westminster, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a ƙasa daga ɗakin da muke tsaye, kuma ita ce ke da ikon gyara ta.