Darussan su a babban ruwa: kaya, iska da bidon lita 20

Masuntan Damagaram da suka koyi sana'a a tafkin Gidimuni, sannan suka nufi tafkin Cadi ta Gigimi ko Boso, sukan tafi da wani zato mai haɗari: wai ruwan da ba shi da zurfi ba ya cin mutum. Tafkin Cadi kuwa a wurare da yawa bai wuce mita 2 ba, amma faɗinsa na ba iska filin gudu. A irin wannan wuri igiyar ruwa gajera ce, tsaye, tana zuwa a jere. Kwalekwale bai gama sauka daga ɗaya ba ta biyu ta zubo masa ciki.

Saboda haka abin dubawa na farko shi ne tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa bayan an yi lodi. In ta gaza taƙi guda, a rage kaya. Da safe lodi kan yi daidai, sai a dawowa jiƙaƙƙen kalli, tarwaɗa da itacen banda su nutsar da jirgin. Mai nauyi a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure. Ruwan da ya shigo kuma a kwashe shi tun yana kaɗan: lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma shi ba ya zama wuri guda, duk gefen da jirgi ya karkata can yake gangarawa ya ƙarasa kifar da shi. Abin kwasar ma a sa masa igiya.

Iska iri biyu ce. Ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan ƙarfafa da hantsi, ƙurarta ta ɓoye gaɓa, ruwa ya yi sanyin da ke kashe hannu. Ta damina ta fi mugunta, don guguwar na riga ruwan sama isowa. Gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke, to lokacin neman tsibiri ko cikin kacalla ne, ba na ƙarasa jan taru ba. In ta riske ka, ka fuskanci igiya da goshin jirgi, a ɗan karkace, ka rage gudu, kowa ya zauna ƙasa. Ba a ba ta gefe.

Rigar ruwa mai hana nutsewa ta fi komai, amma tsadarta ta sa da yawa ba su da ita. Bidon lita 20 marar komai, murfinsa a ɗaure gam, yana ɗaukar kusan kilo 20 a ruwa, ya isa riƙe kan babban mutum a sama. Kowa da nasa, da igiyar rataya. Jirgin katako in ya kife yawanci ba ya nutsewa, sai dai in inji ya rinjaye shi. A manne da shi, don masu ceto sun fi saurin hango jirgi fiye da kan mutum. Wuƙa a ƙugu, saboda raga na kama ƙafa.

Mai inji ya raba esansi uku: na zuwa, na dawowa, na ajiya. Ya riƙe buji na canji da filafili. In ciyawa ta naɗe farfela, a kashe inji kafin a sa hannu. Salula a leda, a wuya. Kafin fita a gaya wa sarkin ruwa ko na gaɓa inda aka nufa da lokacin dawowa, a kuma tambayi 'yan wurin inda dorina ke kwana, musamman mai ɗa.